Sarƙar da Aka Ce Mamaci Ya Ɗaura wa Ƙanwata

Wata uku ƙanwata Rabi tana ƙarewa a gidan mijinta a ƙasar Bariénou, ba wanda ya ɗaga waya ya gaya mini. Suna da lambata. A bakin wani direban motar doya na ji, yana cin tuwo a rumfata a Gare, unguwar tasharmu ta Parakou, da loma a baki yake tambayata wai ba ni ce yayar matar nan da mijinta ya dawo ɗauka ba? Na ce wane miji? Isa mijin Rabi mun binne shi wata biyar da suka wuce, tarin fuka ya kashe shi. Ya ce ai shi ɗin. Ya ce ya ɗaura mata sarƙa a wuya, duk ƙauyen an sani. Na janye kwanon daga gabansa bai gama ci ba, kuma har yau ban ba shi haƙuri ba.

Ku da kuke bin abin da nake rubutawa kun san ni. Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin manya na koyi riƙe biro, don haka idan kuka ga harafi ya karkace ku miƙe shi a zuciyarku. Abin da na gani a wannan tafiya ne ba zan karkatar ba.

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da maƙwabciyata, wadda ta ce ba za ta bar ni in je gidan da mamaci yake yawo ni kaɗai ba. Ta ɗauko carbi biyu da ledar ƙosai. Motar tasha muka shiga, jaka uku-uku, wato sefa dubu uku kowa, kujerar mutum uku aka danna mu huɗu, na biyar ɗin buhun albasa ne. Kafin mu bar Tourou ƙafata ta dama ta mutu, ban sake jin ɗuriyarta ba sai da muka yi nisa. A Tourou ɗin gari ya fara wayewa, mata na shigowa da gawayi a ka, Fulani kuma sun jera wagashi, cukun nan namu da ake rina bayansa ja. Na miƙa hannu ta taga na sayi uku. Rabi tun tana yarinya idan ta ga wagashi soyayye ba ta sanin uwarta.

Daga nan hanya ta miƙe. Lokacin zafi ne, ruwa bai sauka ba, an ƙone daji dama da hagu. Ƙasa baƙa, itatuwa tsirara, sai gonakin yazawa ne kore jefi-jefi. Suri ya tsaya cikin toka nan da can, dogaye, kafaɗa a sunkuye, kamar mata sun yi lulluɓi suna jiran a fito da gawa. Na ga maƙwabciyata ita ma ta gan su, don ta ajiye ƙosai ta ɗauki carbi. A wata kwana direba ya kashe rediyo, motar ta yi tsit, kowa ya kalli gabansa. Da muka wuce ya kunna. Ba wanda ya tambaya, ni ma ban tambaya ba.

A gadar Bétérou muka tsaya. Kogi ya janye ya bar duwatsu a fili, mata na ta tura mana tiren kifi mai banda. Ya yi tsada fiye da bara, na faɗa wa mai shi, ta ce in je in gaya wa kogin. Na sayi manya biyu, na haɗa da wagashi na ƙulle a ɗankwali.

Da hantsi muka shiga Djougou. Mun ci sakwara da miyar gyaɗa a bakin tasha, kuma zan faɗi gaskiya ko da 'yan Parakou za su ji haushi, tasu ta fi tamu laushi. Sai muka ɗauki zem biyu, wato babur na haya. Nawa dattijo ne mai furfura, surutu gare shi kamar rediyo, sai da na faɗi sunan gidan da za mu. Muka bar kwalta bayan Bariénou muka bi jar hanya cikin gonakin doya da ba a yi wa kunya ba tukuna. A gindin wata kaɗanya, gidan na can gaba ana hangen rufinsa, ya tsaya ya kafe ƙafa. Ya ce, “Hajiya, nan mashin ɗina yake tsayawa.” Na ce mai ne ya ƙare? Ya ce a'a, mai yana nan. Na ce to ya jira ni, kuma idan na fito ban same shi ba zan bi shi har gidan uwarsa. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce zai jira.

Rana tana tsakar ka muka yi sallama.

Na san gidan nan. Lokacin zaman makoki na kwana bakwai a cikinsa, kaji na bin ƙafar mutum, awaki na cin tabarma, ga wani mangwaro a tsakar gida da inuwarsa take ɗaukar mutum talatin. Yanzu ba kaza ko ɗaya. Ba akuya. Mangwaron an sare shi, sai kututture fari. Ko rumfar girki an yaye mata ciyawa. Babu inuwa a gidan ko ta tafin hannu, haske ya cika shi har ido yana zafi, kuma ban taɓa sanin wuri mai haske zai iya ba ni tsoro fiye da duhu ba sai ran nan.

A tsakiyar hasken aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Rabi, ba kallabi, ba mayafi. Kusa da ita uwar mijinta, da muke ce wa Inna, tana tsaye tana yi mata fifita, hannunta naɗe cikin gefen zane.

Ga sarƙar. Ta zagaye wuyan kaf, baƙa ƙirin, ta tsattsage kamar ƙanzon tukunya, faɗinta ya kai yatsa huɗu, ta gaba ta sauko ta haɗe a ƙirji. Bakinta a daidaice kamar an ja da wuƙa. Hannayenta ma haka, kamar ta sa baƙar safa zuwa wuyan hannu, ƙafafu ma haka. Ta rame har zobe yana yawo a yatsarta. Na durƙusa na ce, “Rabi, ni ce.” Ta dube ni irin duban da ake yi wa bango. Sai ta juya wajen kututturen mangwaron nan, fuskarta ta saki, ta yi murmushin da na san shi tun tana amarya. Ta miƙa hannu ta ce, “Ka kawo? Kai, da ɗuminsa ma.”

Inna ta sa mafici ta sauke mata hannun a hankali.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsigar jikina ta tashi, na waiwaya na dubi kututturen. Ba komai a kai sai ƙudaje biyu. Maƙwabciyata tuni ta koma bakin ƙofa tana karanta duk abin da ta haddace, har da addu'ar shiga kasuwa.

Na kwance ɗankwalin tsaraba, ƙamshin kifi ya tashi. Inna ta yi wani irin ƙara, ta ce in fitar da shi, don girman Allah in fitar da shi bayan gida. Sai ta ba ni labari, rabi da Dendi rabi da Hausa. Rabi tana cikin takaba alamar ta soma fitowa, sai zawo, sai magana da wanda ba ya nan. Suka kira wata tsohuwa mai magani daga gaba da su. Tsohuwar ta ce Isa ne, bai gaji da matarsa ba. Ta ce mamaci a inuwa yake tafiya, kuma ƙamshin abin da yake so da ransa yake bi. Don haka a raba gidan da inuwa, a zaunar da ita a rana daga hantsi zuwa la'asar. A raba ta da nama, da kifi, da ƙwai, da nono, da gyaɗa, da wake. Farin koko na masara da safe, tuwon masara da rana, miya ba daddawa. Limaminsu ya ce mamaci ba ya dawowa, a kai ta asibiti. Inna ta ce liman namiji ne, ba shi yake wuni da ita yana jin abin da take faɗa ba.

Na ce, “Inna, tun da kuka fara, sauƙi ta samu ko ƙaruwa?”

Ta ce, “Ƙaruwa, 'yata. Ya riƙe ta da ƙarfi. Shi ya sa muka sare mangwaron.”

Rigar Rabi ta ɓaci, na ce bari in canja mata. Da na ɗaga wuyan rigar sai na tsaya. Ƙarƙashin yadin fatarta lafiya lau, sumul, kalarta ta da. Baƙin ya bi wuyan rigar sak, inda tela ya lanƙwasa ya lanƙwasa, inda ya yi tsini ya yi tsini. Na zame zoben, ƙarƙashinsa wani siririn zare na lafiyayyar fata. Na cire mata silifa, ga shatar igiyar silifa a kan ƙafa kamar an zana. Duk inda rana ta taɓa ya ƙone, duk inda ba ta taɓa ba yana nan.

Na miƙe na ce, “Inna, Isa manomi ne, bai taɓa riƙe almakashi ba. Wane mamaci ne yake bin ɗinkin tela?”

Na ce a ba ni karnen Rabi, wato littafinta na asibiti, da duk abin da take sha. Ashe bayan rasuwar an gwada Rabi an same ta da tarin ita ma, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi na wata shida, kuma Inna ba ta taɓa bari an tsallake safiya ɗaya ba. Wannan kam na ba ta. Na lulluɓe Rabi da mayafina na ɗauke ta, ba ta kai nauyin tulun ruwa ba. Inna ta riƙe mini zane ta ce, “Idan ta mutu a hanya fa?” Na ce, “A nan ma mutuwa take yi, Inna, a hankali ne kawai.” Na gaya mata wasu maganganun da ba zan rubuta ba, ciki har da cewa ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba har a busa ƙaho. Ta miƙo mini ledar ƙwayoyin, hannunta dai cikin zane.

Dattijon zem yana nan a gindin kaɗanya. Da ya ga abin da na sungumo ya ja da baya, na ce masa mutum ce, hau. Muka sa ta a tsakiya. Duk tsawon hanyar tana waiwaye tana cewa wani ya yi sauri kada a bar shi, ni kuwa na ƙi waiwayawa.

A asibitin da muka je a Djougou mun sami likita mace, ba ta kai arba'in ba, tashin Zongo ce, Hausarta ta fi tawa. Ta yaye mayafin, ta dubi wuyan, ta ce Rabi ta fito da harshe. Ja zur kamar ɗanyen nama. Ta ce, “Maman, me take ci?” Na lissafa mata. Ta dubi karnen, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta ce ciwon yana da suna, pelagir suke ce masa da Faransanci, tsohon ciwo ne na masu rayuwa a kan masara zalla.

Na ce ban yarda da suna kawai ba, tsohuwar can ma suna ta ba shi. A gaya mini yadda yake aiki. Ta dube ni ta yi dariya, ta juya bayan takarda ta ja layi.

Ga abin da na fahimta, kuma na sa ta maimaita sau biyu. Akwai wani ɗan abu a cikin nama da kifi da ƙwai da nono da gyaɗa da wake, sunansa tiriftofan. Na rubuta shi a littafina harafi-harafi. Jiki ba ya iya ƙera shi, sai an ci. Idan ya shiga, hanya biyu yake bi. Ƙaramar hanya tana kai shi inda ake yin abin da yake kwantar da rai ya kawo barci. Babbar hanya, wadda mafi yawansa yake bi, tana da tashoshi da yawa, a kowace tasha ana sauya masa kama, a ƙarshe ya zama niyasin, abin da fata da hanji da ƙwaƙwalwa ba sa rayuwa sai da shi. Masara ba ta da tiriftofan sai kaɗan, niyasin ɗin da ke cikinta kuma a ɗaure yake, jiki ba ya samu. Ga shi ɗaya daga cikin ƙwayoyin tarin nan yana cinye bitamin ɗin da ma'aikatan wasu tashoshin suke aiki da shi. Wato an hana kaya shigowa, ɗan abin da ya shigo kuma an tare shi a hanya. Fatar da ta rasa niyasin ba ta jure rana. Su kuwa sun ɗauke ta sun shanya ta.

Na ce to duk abin da tsohuwar ta hana shi ne maganin? Ta ce ɗaya bayan ɗaya, kamar ta karanta littafin ta juya shi.

Ni 'yar Gare ce, maganar hanya da tasha ba sai an yi mini da yawa ba. Na tambaye ta, tunda ƙwaya tana iya tare hanyar nan bisa kuskure, ba a iya tare ta da gangan? Sai ta ajiye biro ta ce abin da masu binciken magani suke kai ke nan yanzu, ita ma ta taɓa karatu a kansa. Ta ce wasu cututtukan daji wayo gare su, sukan buɗe ƙofar farko ta babbar hanyar nan warai, su zuƙe tiriftofan, abin da yake fitowa kuma ya sa sojojin jiki gyangyaɗi, ciwon ya yi ta girma ba mai taɓa shi. Ana neman maganin da zai rufe wannan ƙofa. Ta ce a tsakiyar hanyar kuma akwai mararraba, wani reshe yana fitar da abin da yake kare ƙwaƙwalwa, wani yana fitar da abin da yake cin ta idan ya yi yawa, ana neman yadda za a karkata kaya zuwa reshen kirki saboda masu ciwon damuwa da masu ciwon mantuwa. Na ce an samu? Ta ce an gwada wasu ba su yi yadda aka so ba, ana kan nema, don hanya ce da idan ka toshe nan sai ta ɓalle can. Ta nuna Rabi da haɓa ta ce, “Ga shaida nan kwance.”

Maganin Rabi ba sabo ba ne. Ƙwaya ce fara ƙarama, nikotinamid, sai bitamin ɗin da maganin tari yake cinyewa, da kashedin kada a daina maganin tarin ko na kwana ɗaya. Sai abinci, sai inuwa. Kifin Bétérou da Inna ta kora shi na fara marmasa mata a baki.

Kwana shida muka yi. Ran na uku zawo ya tsaya. Ran na huɗu da hantsi ina yanka wagashi sai na ji an ce, “Yaya, me kike yi a nan? Wa kika bar wa rumfa?” Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Ta dubi ɗakin, ta dubi hannayenta, ta daɗe tana dubansu. Sai ta ce, “Da gaske Isa ya tafi, ko?” Na ce da gaske. Ta yi kukan da ban ji ta yi ba ko ran da aka fita da shi, ni kuwa ina riƙe da ita ina gode wa Allah, don mai hankali ne yake irin wannan kukan.

Daga baya na tambaye ta me take gani a kan kututturen. Ta ce shi ne, da rigar gonarsa, riƙe da tsire a takardar siminti, yadda yake kawo mata duk ranar kasuwa. Ta ce, “Bai taɓa ce mini in zo ba, Yaya. Cewa yake in ci.” Na kai wa likita wannan magana, ta ce ƙwaƙwalwa idan ta ji yunwa takan zana abin da take nema. Na rubuta tata, na rubuta ta Rabi, a shafi ɗaya. Ban goge ko ɗaya ba.

Da azahar muka kamo hanyar gida, na biya kujera biyu don Rabi ta miƙe ƙafa, na rufe tagar ɓangarenta da zane. Hadari ya taso mana wajen Bétérou, ruwan farko ya sauka, warin toka jiƙaƙƙiya ya cika motar. Surin nan da suka ba ni tsoro na sake dubansu, ƙasa ce kawai da gara. A kwanar nan direba ya sake kashe rediyo, wani direban ne daban. Har yanzu ban tambaya ba. Muka shiga Parakou ana kiran magariba, maƙwabciyata ta ce daga yau ko bikin 'yarta ne a Djougou sai dai a aiko mata da hoto.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, kuma ba shi da daɗi. Tsoro ya sa na kusa tsayawa ina kallon kututture maimakon in ɗaga wuyan riga. A can wasu ƙasashe ana kashe shekaru ana neman sabon magani a kan hanyar nan da ke cikin jikinmu, Allah ya ba su sa'a, amma tsohon da aka riga aka sani bai iya tafiyar rabin sa'a a kan babur ya iso wurin ƙanwata ba. Idan naku yana shan maganin tari, ku tambayi likita a kan bitamin ɗin da ake haɗawa da shi, kada ku bar shi a kan koko zalla. Idan kuka ga baƙi a wuyan mutum, ku duba ƙarƙashin rigarsa kafin ku kira kowa.

Na ɗauka labarin ya ƙare a nan. Bayan sallar magariba ina shafa wa Rabi man kaɗanya a wuya, baƙin ya fara saɓulewa, sabuwar fata na leƙowa, ina ta zagin mutanen gidan can ɗaya bayan ɗaya. Ta bari na gaji, sannan ta ce, “Yaya, kin ga hannun Inna?”

Na ce a zane take naɗe shi, ina zan gani.

Ta ce, “Ranar da aka hana ni nama ta rantse ba za ta ci abin da matar ɗanta ba ta ci ba. Kokon da na sha shi ta sha. Ranar da na zauna, ita a tsaye ta yi ta. Ta fara kiran jikokinta da sunan waɗanda suka mutu.”

Na rufe kwalbar man.

Da gari ya waye na bar Rabi a hannun maƙwabciyata, na auni gyaɗa tiya biyu da wake tiya biyu, na sa takardar da likita ta zana mini a cikin jaka. Na tafi tasha na ce wa direba kujerar gaba nake so, kuma ya tsaya mini a gadar Bétérou, zan sayi kifi.